Kafin Ka Zuba Kuɗinka A Asusun Bin Sawun Kasuwa

Sababbin masu harkar hannun jari da yawa suna zaɓar asusu ne don kawai sun ji an ce bara ya tashi sosai. Kuskuren ke nan. Asusun da ke bin sawun ma'aunin kasuwa, wato jerin kamfanonin da ake auna kasuwa da su, ba shi da wata dabara tasa: abin da ke cikin ma'aunin shi yake saya, su tashi tare, su faɗi tare.

Saboda haka fara tambayar wane ma'auni yake bi. Mai bin NGX 30 yana riƙe da manyan kamfanoni 30 na kasuwar Legas. Mai bin S&P 500 kuwa yana riƙe da kamfanonin Amurka ne, kuma da dala, don haka hawa da saukar naira za su shafe ka. Buɗe jerin kamfanonin ka karanta da idonka. A NGX 30 akwai bankuna masu mu'amala da kuɗin ruwa. Idan hakan bai kwanta maka a rai ba, akwai Lotus Halal Equity ETF da ke bin ma'aunin da aka tace bisa Shari'a.

Idan asusu biyu na bin ma'auni ɗaya, kuɗin kulawa na shekara ne zai raba gardama. A kan naira miliyan 1, mai cire kashi 1 cikin 100 zai ɗebi 10,000 duk shekara, ko an ci riba ko an faɗi. Mai cire rabin haka 5,000 zai ɗauka. Na fi ba wannan muhimmanci, domin shi kaɗai ka sani tabbas tun kafin ka saya.

Duba kuma ko ana cinikin asusun kullum, kada ranar buƙata ka rasa mai saye. Dillalinka ma ka tabbatar yana da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari kafin ka tura masa ko sisi.