DARASI: AMANAR JAMI'IN KULA DA MA'AIKATA A LOKACIN TSANANI



Mu a Jigawa mun san tsanani. A 2020 korona ta sa an rufe makarantu da kasuwanni. A 2022 ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a Ringim da Miga da Jahun. A 2023 aka cire tallafin mai, komai ya yi tsada. Duk lokacin da irin wannan ta faru, wa ake fara taɓawa? Ƙaramin ma'aikaci: maigadi, direba, mai shara. A riƙe albashinsa, ko a ce masa "daga gobe ka huta".

Darasinmu yau naka ne, kai da aka ɗora wa kula da ma'aikata a kamfani ko asibiti ko gidan mai. Ba a ɗauke ka don miƙa takardar kora kaɗai ba. Amana ce a wuyanka.

Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa bayin Haɗib sun saci raƙumar wani Bamuzaine suka yanka. Sayyidina Umar (RA) ya fahimci yunwa ake barin su da ita, sai ya ɗora wa ubangidan biyan ninki biyu na kuɗin raƙumar. Ka ga inda ya nemo laifin: wajen mai iko.

To me za ka yi?

1. Rubuta komai. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki.

2. Kar a sallami mutum ba sanarwa. Wanda ya yi shekara biyar, haƙƙinsa sanarwar wata guda.

3. In rage ma'aikata ya zama dole, doka ta ce a sanar da wakilansu, a fara da na baya-bayan ɗauka tare da duba ƙwazo. Ban da "wannan ɗan gidan wane ne".

4. In kuɗi sun yi ƙaranci, a zauna da su a faɗa musu gaskiya. Ragin ya fara daga manya.

5. Wanda ya kawo ƙorafi, ka rufa masa asiri.

Watakila maigida ya ɓata rai. Ka tuna masa a hankali cewa akwai Kotun Ma'aikata a duniya, akwai kuma hisabi a lahira.

Allah Ya ba mu ikon sauke amana. Wallahu a'alam.