Darasi: Aikin Masu Tsaron Ƙofa a Gidan Allah

Kafin baƙo ya ga bagade ko ya ji muryar Fada, fuskar da yake fara gani ita ce ta mai tsaron ƙofa. Da ita yake auna mu duka.

Wannan aiki ba na yau ba ne. A shekara ta 251 Paparoma Karniliyus ya lissafa ma'aikatan Ikkilisiyar Roma, ya ambaci masu tsaron ƙofa a cikinsu. Shekaru aru-aru aikin ƙofa shi ne matakin farko ga mai shirin zama firist, har ana miƙa masa mabuɗan majami'a, sai a 1972 Paparoma Bulus na Shida ya soke wannan mataki. Yanzu aikin yana hannunku, ku jama'ar Allah, amma nauyinsa bai ragu ba.

Mu kanmu baƙi ne aka karɓa. Limaman ƙungiyar Waliyyi Dominik daga Amurka ne aka danƙa wa wannan yanki a 1953, ya zama dayosis a 1964 ƙarƙashin Bishop Edward Lawton. Har gobe yawancin masu cika Babbar Majami'ar Iyali Mai Tsarki a Sakkwato aiki ne ko karatu ko fatauci ya kawo su: ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sojojin barikin Giginya, 'yan hidimar ƙasa, 'yan kasuwa daga Kudu. Ga kuma waɗanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu.

Mu duba Farawa sura 18. Ibrahim yana zaune a ƙofar alfarwa da tsakar rana, ya hangi mutum uku, ya sheƙa ya tarye su, ya kawo ruwa tun bai san sunansu ba. Wanda ya san ranar Afrilu a Sakkwato ba ya bukatar a fassara masa wannan. Manzo Yaƙubu kuwa, a sura ta 2 ta wasiƙarsa, ya tsawata wa jama'ar da ke kai mai zoben zinariya kujerar gaba, ta bar matalauci a tsaye. Wannan cuta ba ta mutu ba. A majami'u da yawa ana ganin mai babbar riga an ruga an karɓe shi, tsohuwa mai zane ɗaya kuwa an nuna mata baya da yatsa, ko gaisuwa babu. Wani kuma ya yi wa mai goyo tsawa don jariri ya yi kuka. Irin wannan mace da wuya ta kai ƙara. Sai dai Lahadi mai zuwa a ga wurinta babu kowa.

Wani zai ce, to, batun tsaro fa? Tambayar tana kan hanya. Ran 14 ga Mayu 2022, kwana biyu bayan kisan Deborah Samuel, masu tarzoma sun farfasa tagogin babbar majami'armu. Ran 5 ga Yuni na wannan shekarar aka kashe masu sujada da dama a majami'ar Waliyyi Faransis a Owo. Saboda haka bincike a bakin ƙofa wajibi ne, kada kowa ya ji kunyar yinsa. Amma a yi wa kowa daidai, da mai mota da mai tafiya a ƙasa. A fara da gaisuwa, a faɗi dalili, mace ta duba jakar mace. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma duba jaka ba ya hana ta.

Akwai wuri guda da ya fi bukatar hikima. Ranar ɗaurin aure ko jana'iza, maƙwabtanmu Musulmi da 'yan'uwa na wasu ikkilisiyoyi sukan shigo don su taya mu murna ko kuka. Ba su san lokacin durƙusawa ba, ba su kuma san Jibi Mai Tsarki na 'yan Katolika ne da suka shirya ba. Kada a bari sai mutum ya shiga layi sannan a janye shi a gaban jama'a. Tun kafin a fara Misa mai tsaron ƙofa ya zaunar da shi kusa da wanda ya san shi, ya bayyana masa a hankali cikin harshen da yake ji. Katekis ma yana iya sanarwa a fili sau ɗaya, don kada wani ya ji kamar da shi kaɗai ake.