Yadda Za Ka Gano Tsohuwar Motar Italiya Daga Hoto Ta Amfani Da Wayarka

A ce wani ya turo maka tsohon hoto a WhatsApp: wata jar mota mai gajeren baya tsaye a bakin titi, launin hoton ya koɗe, sunan da ke jikinta ba ya karantuwa. Wani ya ce Golf ce, wani ya ce Fiat ce. Da wayar da ke hannunka za ka iya raba gardamar, amma sai ka bi matakai. A wannan darasi za mu yi misali da Lancia Delta HF Integrale, ɗaya daga cikin fitattun motocin gudu da aka ƙera a Italiya. Dabarun kuma za su yi maka aiki a kan kowace mota, har da wadda wani ke tallata maka a Facebook.

Mataki na farko: gyara hoton kafin bincike

Idan hoton na takarda ne, kada ka ɗauke shi da filasha, domin ƙyallin zai rufe abubuwan da kake nema. Ajiye shi kusa da taga, ko ka yi amfani da manhajar PhotoScan ta Google. Ita tana sa ka ɗauki hoton daga kusurwa huɗu, sannan ta haɗa su ta cire ƙyallin. Idan kuma turo maka aka yi, ka ce a sake turowa a matsayin fayil, domin WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci.

Ka guji manhajojin da ke "wanke" tsohon hoto da ƙirƙirarriyar basira. Ba dawo da abin da ya ɓace suke yi ba, cike gurbi suke yi da hasashe. Suna iya sauya tambarin mota ko haruffan lambarta, ka ɓata lokaci kana neman motar da ba ta wanzu ba.

Mataki na biyu: Google Lens

Buɗe hoton a Google Photos ka taɓa alamar Lens, ko ka yi amfani da Circle to Search idan wayarka tana da shi. Ja akwatin ya tsaya kan motar kaɗai. Bayan haka ka sake bincike sau biyu ko uku: gaban motar daban, bayanta daban, taya daban. Sunan da ya yi ta dawowa shi ne abin bi.

Sai dai Lens kamanni yake dubawa, ba tabbaci yake bayarwa ba. A irin waɗannan motoci kuwa kamannin na da dalili. Mutum ɗaya, Giorgetto Giugiaro, shi ya zana Alfasud ta 1971, da Golf ta farko ta 1974, da Lancia Delta ta 1979, da Fiat Uno ta 1983. Idan hoto ya dushe, ba abin mamaki ba ne manhaja ta miƙo maka motar Jamus a maimakon ta Italiya. Daga nan aikin ya koma na idonka.

Mataki na uku: tambari, ƙofofi da fitilu

Fara da tambarin gaba. Na Alfa Romeo zagayayye ne, ɓari ɗaya jan kuros, ɗaya ɓarin maciji, kuma ragar gaban motar tana da siffar garkuwa mai tsini ƙasa. Na Abarth kunama ce, kuma za ka gan ta a jikin motocin Fiat da aka ƙara wa ƙarfi, kamar Ritmo Abarth 130 TC ta 1983. Na Lancia shuɗiyar garkuwa ce da tuta a tsakiya. Idan ka hango haruffan HF tare da ɗan ƙaramin giwa, to Lancia ce ta gudu.

Sai ka ƙirga ƙofofi. Ana lissafa ƙofar but da ke ɗagawa sama tare da gilashin baya, kamar dai Golf ɗin da muka saba gani a tasha. Delta ta farko ba a taɓa ƙera ta da ƙofa uku ba, duka biyar ne. Ritmo Abarth 130 TC kuwa ƙofa uku gare ta, kuma hannun buɗe ƙofarta zagayayye ne. Wannan kaɗai ya isa ya raba su.

Fitilu ma suna magana. Delta ta gama-gari fitilunta na gaba masu kusurwa huɗu ne. Daga HF 4WD ta 1986 ne aka soma sa mata zagayayyun fitilu huɗu.

Mataki na huɗu: wace Integrale ce?

A nan ne aikin ya fi daɗi, domin kowane samfuri ya bar alamarsa.

HF 4WD ta 1986 tana da fitilu huɗu, amma gefenta a shafe yake, madigadinta bai kumbura ba.

Integrale ta farko, ta 1987, ita ce ta zo da kumburarren madigadi a kan tayoyi huɗu. Injinta na lita 2 mai turbo yana ba da ƙarfin doki 185.

Integrale 16V ta 1989 tana da tudu a tsakiyar bonet, saboda sabon kan injin ya fi tsohon tsayi. Ƙarfinta doki 200.

Evoluzione ta 1991 ta fi duka faɗi, tana da fiffike a saman ƙofar but wanda ake iya karkata shi, kuma noti biyar ke riƙe da kowace taya, ba huɗu ba kamar na baya. Ƙarfinta doki 210. Evoluzione ta biyu, ta 1993, ta kai 215, kuma daga kanta aka rufe ƙera motar a 1994.

Idan motar hoton fara ce mai ratsin shuɗi da ja da rubutun Martini, fentin tsere ne. Da Delta ne kamfanin Lancia ya ci kofin duniya na tseren rali sau shida a jere, daga 1987 zuwa 1992. Miki Biasion ya lashe tseren Safari na Kenya da ita a 1988 da 1989, shi ya sa za ka tarar da hotunanta da yawa cikin jar ƙura da laka.

Mataki na biyar: karanta lambar motar

Lambar Italiya tana faɗin zamani. Kafin 1994 tana farawa da haruffan lardi: TO na Torino, MI na Milan, NA na Napoli, Roma kuwa a cike ake rubuta ta. Baƙar lamba ta kafin 1985 ce, daga nan aka koma fara mai baƙin rubutu. A 1994 aka kawo tsarin haruffa biyu, lamba uku, haruffa biyu, sannan a 1999 aka ƙara shuɗin layi a gefe.

Ga amfanin wannan: idan ka ga mota mai kumburarren madigadi da fiffiken Evoluzione amma lambarta baƙa ce, akwai magana. An daina ba da baƙar lamba tun kafin a ƙera Integrale. Mai yiwuwa tsohuwar Delta ce aka yi wa kwalliya.

Abin da hoto ba zai faɗa maka ba

Integrale ta gaske tana da tsada a wurin masu tara tsofaffin motoci, don haka akwai masu ɗaukar Delta ta gama-gari su sa mata bamba da madigadi da tambarin babbar. Hoto zai nuna maka jiki ne kawai. Tabbaci yana cikin lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Ta Lancia tana farawa da ZLA, ta Fiat da ZFA, ta Alfa Romeo da ZAR.

Kada kuma ka dogara da kwanan watan da waya ta nuna a bayanan hoto. Idan tsohon hoto aka sake ɗauka, ranar da aka sake ɗaukar za ka gani, ba ranar asali ba.

Abu na ƙarshe shi ne neman asalin hoton kansa. Saka shi a TinEye, ka zaɓi a jera sakamakon daga mafi daɗewa. Idan wani ya ce maka motar tana garejinsa a Kwatano, amma hoton ya shekara goma a shafin wani dillali na Turai, ka riƙe kuɗinka. Ka nemi ya ɗauko maka bidiyon motar a ranar, tare da lambar shasi a fili, ka gwada ta da wadda ke cikin takardu.

Ka gwada matakan nan da wani tsohon hoto na gidanku, ko da Fijo 504 ce ko Beetle ke ciki. Fara da tambari, ka ƙirga ƙofofi, ka duba fitilu, sannan ka karanta lamba.