Idan Nas Ɗin Da Ke Jinyarku Ta Zo Da Takardar Bincike

A Babban Asibitin Gumel ko asibitocin Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, nas ɗin da ke ɗaura wa majinyacinku ƙarin ruwa tana iya kasancewa mai ƙaro karatu, tana neman waɗanda za ta yi bincike a kansu. Aiki ne mai amfani. Sai dai ita ke yi muku allura, wataƙila ma 'yar unguwarku ce, shi ya sa ce mata a'a ke da nauyi.

1. Ku tambaye ta kai tsaye: "Sista, wannan cikin magani yake, ko na bincikenki ne?" Nas ta gari za ta bambance muku.

2. Kada kunya ta sa ku yarda. Ƙin shiga ba ya rage muku kulawa ko ƙwayar magani ɗaya, kuma wanda ya shiga yana iya janyewa. In majinyaci na cikin zafin ciwo ko naƙuda, ku ce a bari ya samu sauƙi.

3. Kada a dangwala yatsa sai an karanta muku takardar da Hausa, gaban wani naku mai karatu. Muna da dalilin dagewa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ba ne, kamfanin ya musanta, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Yawancin binciken nas tambayoyi ne kawai, amma haƙƙin sani bai canza ba.

4. Ku nemi ganin takardar amincewar kwamitin da ke tantance bincike. Ƙa'idar binciken lafiya ta ƙasa ta 2007 ta wajabta samunta.

5. Maigida, shawara taka ce, amma yardar ta matarka ce, ita za ta furta da bakinta. Yaro mai wayo ma a ji ta bakinsa.

6. Ku tambayi wa zai ga amsoshin, kuma ko za a rubuta suna. A garin da kowa ya san kowa, maganar ɓari ko ciwon hanta in ta fita daga katin asibiti tana iya kashe aure. Ku ce a yi hirar a keɓe, ba a gaban sauran majinyatan ɗaki ba.