Filin Shawarwari: Ruwan Wankan Mai Jinyar Daji

Mahaifiyarmu na fama da ciwon dajin mama, an yi mata aiki, yanzu tana karɓar ƙarin ruwan maganin daji a asibitin Shika. Muna zaune a Unguwar Dosa, Kaduna. Famfo ba ya zuwa kullum, galibi ruwan 'yan garuwa muke zubawa a tanki. An ce mu sayi matatar da ake ɗaurawa a kan shawa don ta cire sinadarai, amma da tsada, ga kuɗin magani. Akwai mai araha? Daga 'yar uwarku.

'Yar uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Shawarata ita ce ki riƙe kuɗinki. Yawancin matatun shawa an yi su ne don rage kulorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo a matatar ruwa irin ta Malali don kashe ƙwayoyin cuta. Ƙwayoyin cutar kuwa suna wuce matatun shawa, kuma idan matatar ta daɗe ba a sauya cikinta ba, nan ma suke hayayyafa. To, su ne abin tsoro ga Hajiya. Maganin daji yana rage fararen ƙwayoyin jini, masu kare jiki, kuma raguwar takan fi tsanani tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane ƙarin ruwa. A wannan tsakanin, ƙwayar da mai lafiya ba zai ko ji ta ba tana iya shiga ta wurin ɗinki, ko ta inda aka sa allura, ta kwantar da mutum.

Don haka a fara da tanki. A sauke ruwansa, a goge gansakukar da ta yi kore a ciki, a rufe shi ruf. Hajiya ta samu bokitinta da moɗarta ita kaɗai, a riƙa wankewa ana kifewa su bushe. Idan ruwan ya zo da duhu, kamar yadda yake yi da damina, a sa ɗan alif ya kwanta, a tsiyaye na sama ta cikin farin ƙyalle mai tsabta. Sannan a zuba WaterGuard ko Aquatabs daidai awon da ke jikin kwalin, a jira minti 30. Alif laka kawai yake kwantarwa, shi ya sa ba ya wadatarwa shi kaɗai.

Za a ce ai ruwan burtsatse garau yake. Ido ba ya ganin ƙwayar cuta, kuma a unguwanni masu cunkoso ramin salga ba ya nisa da rijiya; ko ruwan ya fito da tsabta, leƙa cikin jarkar mai ruwa ki gani. Wani kuma zai ce kulorin na busar da fata, musamman ga wadda za a yi wa gashin daji. Wannan magana ce mai tushe, amma ɗan awon da aka ƙayyade bai kai lahanin ruwan zafi rau da sabulu mai ƙarfi da soso ba, balle a hunturun Kaduna. Ruwa mai ɗumi, sabulu marar turare, a dangwala tawul ba a goge ba, man shafawa kuwa sai wanda likitanta ya amince da shi.

Tafasa duk ruwan wanka zai cinye gas a banza. A tafasa kaɗan, ya yi minti 1 yana ɓararraka, don sha da kurkure baki da goge gefen ciwo, domin akwai ƙwayoyin da kulorin ba ya kashewa. Wurin ɗinkin kada ya jiƙa sai ma'aikatan jinya sun ce. In kuma zafin jikinta ya kai digiri 38, ko wurin ya kumbura ko ya fara ruwa, a kai ta asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.