Darasi na Goma Sha Biyu: Haɗa Ƙyallaye

Duk wanda ya shiga layin teloli a Kasuwar Wuse ta Abuja, musamman gab da salla ko Kirsimeti, zai ga ƙyallaye zube a ƙarƙashin kekunan ɗinki. Turmin atamfa yadi shida ne, kuma da wuya a ɗinka riga da zane ba a sami ragowa ba. Yawancin wannan ragowa a shara take ƙarewa, daga nan a kwashe ta zuwa juji irin na Gosa. Alhali kuwa da kuɗi aka sayi kowane ƙyalle. Mai haƙuri yana iya haɗa su ya sami rigar matashi, ko jaka, ko zanen gado.

Wannan dabara ta yaɗu a duniya. A Senegal, mutanen Baye Fall sun shahara da riguna na haɗaɗɗun ƙyallaye. A ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama a Amurka, mata baƙar fata sun daɗe suna ɗinka barguna da tsofaffin tufafi, har aka baje aikinsu a manyan gidajen tarihi.

A wannan darasi za mu koyi haɗi mafi sauƙi, wato mai gida tara.

Kayan aiki

Ƙyallaye masu launi iri biyu, almakashi, allura da zare, alli, abin awo, kwali da dutsen guga.

Yadda ake yi

1. A zaɓi ƙyallaye masu kauri ɗaya. Atamfa da atamfa ake haɗawa, domin leshi yakan ja ya karkace.
2. A wanke su, a shanya, a goge. Wani yadin yana zuba, wani yana tsukewa, gara ya yi hakan kafin ɗinki.
3. A yanka kwali murabba'i, kowane gefe santimita 12. A ɗora shi a kan ƙyalle, a zana da alli, a yanka gida tara: biyar masu duhu, huɗu masu haske.
4. A jera su sahu uku, kowane sahu gida uku, mai duhu kusa da mai haske. Mai duhu ne zai zauna a tsakiya da kusurwoyi huɗu.
5. A haɗa gida biyu fuska da fuska, a ɗinka, a bar santimita 1 daga baki. A ƙara na uku. Haka za a yi wa kowane sahu.
6. A goge bakin ɗinkin sahu na ɗaya da na uku zuwa dama, na biyu zuwa hagu, don kada ya yi tudu.
7. A haɗa sahun ukun, a kula kusurwoyi su dace da juna.

Idan aka gama, faɗin haɗin zai zama santimita 32. In aka haɗa shi da wasu, ya koma 30. Haɗi 30, biyar a faɗi shida a tsawo, suna ba da zanen gado mai santimita 150 da 180.

Asirin aikin yana wurin yanka. Kuskuren rabin santimita a gida ɗaya ya isa ya hana kusurwoyi haɗuwa, sai an warware ɗinkin. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Sababbin kalmomi

ƙyalle: guntun yadi
zuba: fitar launi daga yadi a cikin ruwa
murabba'i: siffa mai gefe huɗu daidai da juna
warware: cire zaren ɗinki

Tambayoyi

1. Me ya sa ake wanke ƙyallaye kafin a yanka?
2. Gida nawa masu haske ake bukata?
3. Yaya karin maganar ya dace da wannan aiki?

Aikin gida

Ku roƙi ƙyallaye wurin telan unguwarku da Hausa, ku rubuta hirar da kuka yi, sannan ku kawo haɗinku aji.