Kalmar Ƙolo: Ma'anarta Da Yadda Ake Amfani Da Ita

A kasuwar Kwanar Ɗangora ko tashar Tudun Wada, mukan ji babba ya daka wa yaro tsawa ya ce, "Kai ƙolo, kauce!" Da yawa daga cikinmu mun ɗauka zagi ne. To, bari mu bi kalmar zuwa gidansu.

Ƙolo tsohuwar kalma ce ta tsangaya, wato makarantar allo. Can ne ake kiran ƙaramin almajiri da ita, wanda bai daɗe da rabuwa da iyayensa ba. Shi ne yake koyon babbaƙu da farfaru, ya wanke allo, ya samo itacen da za a hura a yi karatun dare, ya kuma fita bara da ƙoƙonsa. In ya tasa sai a ce da shi titibiri, daga nan ya zama gardi. Gardin da ya dage yakan zama alaramma, mai izu sittin a ka, har ma ya kai gwani. Ashe ke nan ƙolo sunan matakin farko ne, kamar yadda mu muke cewa ɗan aji ɗaya.

Da kalmar ta fito gari sai ma'anarta ta faɗaɗa. Yau muna jin ta iri uku. Malami zai ce, "A tashi ƙolaye su ɗauki allo," wannan ita ce ma'ana ta asali. Kaka za ta ce da jikanta, "Zo nan, ƙolon banza," wannan wasa ne. Amma in aka jefi baƙon yaro da ita saboda tsummansa, ta zama raini.

Wannan na ukun shi ya kamata mu guje wa. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa sun kwashe dubban irin waɗannan yara a manyan motoci zuwa jihohinsu na asali, wasu ko sunan ƙauyensu ba su iya faɗa ba. Yaron da yake cikin wannan hali ba ya bukatar ƙarin wulaƙanci daga bakinmu.

Saboda haka, ko a Bebeji muka gamu da shi ko a Doguwa, mu tambayi sunansa mu kira shi da shi. Kowane gwani da muke durƙusa wa, ƙolo ne a da. Hausawa dai sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.